Kawu Haladu da Ƙwaƙwalwar Laftof

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Haladu kwamfuta gyara ya san ba ya fara tambayar abin da ke damunta. Sai ya gyara zaman tabarau, ya buɗe ta a hankali, ya duƙa kan ɗan tambarin nan da ake mannawa kusa da madannai, sannan ya ɗago ya dube ka ya ce, "'Yar gidan wa ce?" Ba kamfanin da ya ƙera ta yake nufi ba. Wanda ya yi mata furosesa yake tambaya, abin da shi yake kira ƙwaƙwalwa. In tambarin shuɗi ne, ka samu kujera har da ruwan randa. In ja ne, to a tsaye za ku gama magana.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kuma tun safe 'yan uwa ke cewa, "Hajara, ke kuka fi yin faɗa da shi, ke za ki ba da labarinsa." To, ga shi. Saboda waɗanda ba su san gidanmu sosai ba: Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana buga tafireta a sakatariya, da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan shago a Kazaure, yana buga wa mutane takardu, yana ɗan taɓa gyaran kwamfuta. Jama'a suka sa masa Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Wani ɗan kasuwa daga Babura ya taɓa kawo masa laftof da ya sayo da sefa a tsallaken iyaka, tambarinta ya ɓare. Kawu ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ina tambarin?"

"Yara suka ɓare, Injiniya."

"To kai wa yaran su gyara. Ni ba na sa hannu cikin abin da ban san iyayensa ba."

Mutumin nan ya yi rantsuwa, ya yi magiya, har ya ce zai kawo shaida cewa shuɗi ne. Kawu ya ce shaidu biyu, kuma ban da wanda ya sayar masa.

Tasa laftof ɗin, wadda yake kira Dattijuwa, ta girmi rabin yaran gidan nan. Batirinta ya mutu tun tuni, sai a jikin wuta take aiki. Sifikarta ma ta mutu, sai da iyafis ɗin da ake sawa a kunne, shi ma sai ka danne igiyarsa da babban yatsa. A kan bulo biyu yake ɗora ta don ta sha iska, lokacin zafi kuma ya yi ta yi mata fifita shi gumi na zuba masa. Duk muna dariya. Ni dai tawa dariyar ta ƙare ranar da na gane abincin Innata yana cikin wannan tsohuwar na'ura.

Ga yadda abin yake. Inna tana da gona a wani ƙauye kusa da Roni, gadon mahaifinsu, Kaka Jibo. Tun da Babanmu ya rasu, da gonar nan take ci: gero, dawa, sai gyaɗa a ɓangaren da ya gangara wajen tsohuwar rijiya, wanda shi ne mai albarkar. Babu takarda ko ɗaya. Amma kafin Kaka ya rasu, Kawu ya je da Dattijuwa ya naɗi muryarsa yana faɗin iyakar gonar, a gaban maƙwabcinsa Malam Sambo. Shekara tara ba wanda ya tada maganar. Sai bara, ana dab da saukar damina, 'ya'yan Malam Sambo suka kafa turaku, suka yanke ɓangaren rijiyar gaba ɗaya, suka ce na ubansu ne. Uban kuwa ya tsufa, ido ya tafi, ba ya cewa komai. Dagaci ya sa zama nan da mako biyu, ya ce kowa ya zo da hujjarsa.

Ran nan, ana tashi daga makarantar da nake koyarwa a Gwiwa, na wuce shagon Kawu da sabon filash na kwafar bayanai a hannuna.

"Kawu, a kwafi muryar Kaka yau ɗin nan. A sa a filash, a sa a wata kwamfutar, a sa ko'ina."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ashe ba ki ji abin da ake ciki ba."

Na ɗauka wani ne ya rasu. "Me ya faru?"

"Kamfanin da ya ƙera Dattijuwa zai rabu da masu shuɗin tambari. Wai zai koma wajen masu ja."

"Kawu, maganar gonar Inna nake maka!"

"Ni ma ita nake miki."

Ashe wata da watanni ke nan maganar tana cinsa. Wani dillalin kwamfuta a Kano ne ya fara gaya masa, sannan ya ga ana ta rubutawa a waya. Kamfanin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wasu na cewa tsada ce ta raba su, wasu na cewa shuɗiyar ƙwaƙwalwar zafi take yi tana shan batir, wasu kuma na cewa ƙarya ce, ana so ne a tsorata masu shuɗin su sauke farashi. Kawu ya haddace duka, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sasanta ma'aurata. Har akwai wani ɗalibi da ya zo neman shawarar wadda zai saya don aikinsa na kammala karatu, Kawu ya ce ya dakata tukun a ga inda kamfanin zai faɗa. Bawan Allah ya yi ta dakatawa har ya gama karatun da biro.

"Zauna in yi miki bayani, Malama," in ji Kawu. "Manhajar da na naɗi Baba da ita tsohuwa ce, don shuɗiyar ƙwaƙwalwa aka yi ta, kuma ita kaɗai ke buɗe muryar. In kamfani ya fara tunanin sauya gida, wa ya sani ko tuni ya fara a ɓoye? Shuɗi a waje, ja a ciki. In na zuba Baba cikin wadda ba ta jin yarensa, sai ta ce za ta gyara shi, ta lalata."

"Kwafa za a yi, Kawu, ba kwashewa ba! Na asalin yana nan inda yake."

"Haka wani ya ce min ranar da aka kwafi katin ɗaurin auren 'yar liman. Muka wayi gari babu na can, babu na nan."

"To filash fa?"

"Filash? Kofin tasha ke nan, kowa ya zo ya kafa baki. Bairos, cutar kwamfuta, za ki kawo mata."

"Sabo ne fil! Ga shi a ledarsa!"

"Ledar wa ya rufe?"

Wallahi na fita daga shagon nan ina huci. Da na dawo bayan kwana biyu, sai ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya samo mafita. Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, ya kai gidan waya da kansa, ya nemi su fito fili su faɗi matsayinsu. In suka ce suna nan tare da masu shuɗi, ya yarda a kwafa a sabuwar kwamfutarsu. Ya ba su kwana bakwai. Na ce, "Kawu, wasiƙar ma ba za ta bar Kano cikin kwana bakwai ba!" Ya ce ai wannan ba damuwarsa ba ce, shi dai ya ba su haƙƙinsu.

Kullum da yamma sai na kira. "Sun amsa?" Ya ce, "Tukuna." Kwanaki na tafiya, turaku na nan a gonar Inna.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ce a jona ƙaramar sifika in naɗa da wayata, ya ce za ta ja wuta ta ƙona wa Dattijuwa jijiya. Da ƙyar ya yarda in kara wayar a jikin iyafis yana danne da igiyar. Muryar Kaka dama a raunane take, ga injin markaɗe a maƙwabta. Da muka kunna abin da na naɗa, babu komai sai gurnanin injin da numfashin Kawu. Muka sake gwadawa a gidansa inda babu hayaniya, sai wani shuuu kawai. Na aro laftof ɗin abokiyar aikina, kamfani ɗaya da tasa, tambari shuɗi fes. Ya duba, ya tambayi yaushe aka ƙera ta. Na ce bara. Ya tura min ita, ya ce bara ai an riga an fara maganar.

Daga nan na yanke shawarar sata, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na san ba ya kulle shago in zai tafi azahar, janyo ƙofa kawai yake yi. Na laɓe a shagon tela har na ga ya sha kwana, na shiga da filash ɗina. Ga Dattijuwa nan a kan bulonta, amma babu caja. Ya zare ta ya tafi da ita masallaci a aljihu. A kan murfin kuma ga 'yar takarda da ya buga tsaf: "Hajara, na san za ki zo. Ki janyo min ƙofar in za ki fita."

Saura kwana biyu a zauna, Inna da kanta ta zo. Kun san Inna ba mai yawan magana ba ce. Ta zauna a bakin benci, ta gaishe shi, sannan ta kawo maganar.

"Yaya, an yi ruwan shuka jiya a Roni. Kowa ya fita da iri, ni ina zaune."

"Na sani, Sa'a."

"In ɓangaren rijiyar ya tafi, abin da ya rage ba zai riƙe ni wata huɗu ba. Ba na so in zama kaya a wuyan yaran nan."

Kawu ya cire tabarau yana gogewa. Na ce a raina yau dai ya karye. Sai ya ce, "Gonar ba za ta tafi ba. Ni zan kai Dattijuwa da hannuna, dagaci ya ji da kunnensa."

"In ta ƙi tashi fa?" in ji ni.

"Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Inna ta miƙe, ta ce Allah ya kai mu.

Ranar zama Kawu ya ƙi hawa acaɓa, ya ce girgiza ta yi yawa. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu, ni da shi da Inna. Ya naɗe Dattijuwa a bargo ya rungume. Duk inda ya hango rami sai ya ce, "Direba, tsaya!" Ya sauka, ya taka da ƙafa ya wuce ramin, sannan ya hau. A rami na shida direban ya gaji.

"Baba, wai ƙwai ne a ciki?"

"Da ƙwai ne ai da na ba ka ka riƙe."

Ƙarfe goma aka sa, mu sai sha ɗaya da rabi muka isa. Zauren dagaci ya cika. Malam Sambo na gefe a kan buzu, kansa a sunkuye, 'ya'yansa biyu na kusa da shi. Ni da Inna muka zauna daga bakin ƙofa. Babban ɗan, Garba, ya riga ya gama nasa bayanin, wai duk ƙauyen an san ubansu ne ya haƙa rijiyar.

"Malam Haladu," in ji dagaci, "an ce kana da hujja."

"Ranka ya daɗe, tana nan, sai dai tana buƙatar wuta."

Ƙauyen babu lantarki. Aka aro ƙaramin janareta wajen mai cajin waya. Kawu ya sa aka tayar, ya tsaya ya karkata kai yana saurare, ya ce muryarsa na rawa, a kashe a sake. Aka sake. Ya ce a nemo bulo biyu. Aka nemo. Ni kuwa gumi ya jiƙa min mayafi, ina kallon fuskar dagaci tana sauyawa.

"Malam Haladu, rana tana yi."

Ya jona, ya yi bisimilla, ya danna. 'Yar fitilar ta kawo. Fankar ciki ta fara kuka. Allon ya yi haske, na ji Inna ta sauke ajiyar zuciya. Kawu ya miƙa wa dagaci kunne ɗaya na iyafis, ana ta laluben inda za a sa a ƙarƙashin rawani. Sai muka ji ƙas! Allon ya yi baƙi ƙirin, wani wari kamar na ƙonanniyar leda ya tashi.

Ya danna, shiru. Ya zare caja, ya hura, ya mayar, ya danna, shiru. Ya cire hularsa yana yi mata fifita. Garba ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, hujjar ta yi barci."

Dagaci ya girgiza kai. "In babu wata hujjar, ni ba ni da abin kamawa. Turakun za su zauna har a samu."

Kowa a zauren ya san "har a samu" na nufin damina ta wuce. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa, Allah ya yafe min, na manta inda nake. Na ɗaga murya a gaban dagaci da dattawan gari.

"Kawu, ka kashe mu! Mako biyu ina roƙonka! Kamfanin da bai san kana duniya ba shi ka tsaya jira, ga shi ka salwantar wa ƙanwarka da gona!"

Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Kawu bai kalle ni ba. Ya rufe Dattijuwa a hankali, ya ɗora tafin hannunsa a kanta. Sannan ya gyara zama ya fuskanci Malam Sambo, ya runtse ido. Da ya buɗe baki, ba muryarsa ce ta fito ba. Wata siririyar murya ce mai rawa, mai jan numfashi, wadda shekara tara rabona da ji.

"Ni Jibo, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Gonata ta tashi daga tsamiya mai rassa biyu, ta bi ta bayan dutsen da awaki ke hawa, ta gangara ta haɗa da rijiya, ta tsaya a gawo." Sai ya yi tari, irin tarin Kaka sak, biyu da ɗan guntu. "Sambo, ko na yi ƙarya?"

Ya sauya murya, ta yi kauri. "Ba ka yi ba, Malam. Amma gawon nawa ne."

Ya koma siririyar. "Ɗauki gawonka, bar min rijiyata. Ni na haƙa, kai ƙasa kawai ka ja. Kai, a kore kazar nan, tana shiga maganar manya."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Garba ya zabura. "Ranka ya daɗe, wannan ai wasan kwaikwayo ne, kowa ma zai iya..."

Bai ƙarasa ba. Malam Sambo, wanda tun zuwanmu bai motsa ba, ya ɗago kai.

"Na ce masa kazar ma tawa ce," ya faɗa a hankali.

Kawu ya buɗe ido. "Haka ka ce, Baba Sambo. Shi kuma ya ce..."

"Ya ce to in zo in ɗauki abata, in bar shi ya mutu cikin natsuwa." Tsohon ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, hawaye na bin gemunsa. "Jibo ne. Wallahi Jibo ne. Garba, ku je ku cire turakun nan kafin la'asar. Rijiyar tasa ce, ni ƙasa kawai na ja."

Dagaci ya daɗe yana kallon Kawu.

"Malam Haladu, sau nawa ka saurari abin nan?"

"Ranka ya daɗe, kullum in na dawo daga la'asar, kafin in buɗe wa kowa shago."

Shekara tara, kullum. Ba wanda ya sani, har matarsa. Washegari da sassafe Inna ta fita da irinta.

Dattijuwa kam ba ta sake tashi ba. Ya kai ta Kano, masu gyara suka buɗe suka ce wurin ajiyar bayanan ya ƙone, babu abin da za a ciro. Ya ƙi sayen wata, ya ce sai kamfanin ya amsa wasiƙarsa. Ya sauko da tsohuwar tafiretarsa, ya kakkaɓe, ya ci gaba da aiki. Wani ya ce masa, "Injiniya, an koma baya ke nan?" Ya nuna kansa da yatsa ya ce, "Wannan dai na san inda ƙwaƙwalwarta take." Har ya koma ga Allah kamfanin bai ce uffan ba, ko kuma ya ce ni ban ji ba.

Inna ta sa na je na ba shi haƙuri. Na durƙusa, ya ce, "Rabin maganarki gaskiya ce, Malama, rabi kuma rashin kunya. Na yafe duka." Amma gaskiya ni a raina ban gama hucewa ba. Duk sanda na tuna muryar Kaka ta ƙone saboda taurin kansa, sai in ji abin ya dawo min sabo, har na rage zuwa shagon.

Mako uku kafin rasuwarsa ya aiko min da saƙo ta bakin Inna. "Ki ce wa Hajara ta zo da wayar nan tata, in faɗa mata maganar Baba ta naɗa, tun ina tunawa." Kawu fa, da bakinsa, ya ce a zo a kwafa! Na yi dariya, na ce a gaya masa muna jarrabawa, in na gama duba takardu zan shigo. Gwiwa zuwa Kazaure ba wata tafiya ba ce. Na gama duba takardun, na ce bari sai Asabar. Ranar Alhamis aka kira ni ina ofishin malamai, aka ce Kawu ya rasu.

Ni da na tsaya a gaban dagaci na ce ya kashe mu don ya ƙi kwafa, ni ce na bar kwafi na ƙarshe, wanda ke cikin kansa, ya tafi. Na sha gwada faɗin maganar ni kaɗai. Iyakar gonar na riƙe ta, amma muryar ba ta zuwa, kuma abin yana min ciwo.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da mahaifinsa da ya yi ta kewa bai gaya wa kowa ba. In kun tashi yi masa addu'a, don Allah ku sa da ni.